Ranar da Aka Yi wa Kyamarar Babanmu Kuɗi

In dai ina cikin hankalina, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu a gidanmu na Gyadi-Gyadi ba. Ba wai don an yi faɗa ba, ko da yake saura ƙiris. Abin da ya sa ranar ta zauna min a rai wata magana ce da wani dattijo ya yi, mutumin da ba shi da ko allura a cikin gadon, ba ma addininmu ɗaya da shi ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna sai in ji idona ya kawo ruwa.

Babanmu mai ɗaukar hoto ne. Shagonsa a jikin gidanmu yake, ƙofarsa tana kallon titi, kuma a nan ya ƙare rayuwarsa yana cewa mutane su ɗan ɗaga haɓa, su daina ƙifta ido. Lokacin ina sakandare ya yi wani abu da unguwa ta daɗe tana maganarsa. Ya sayar da filinsa na Unguwa Uku, ya aika ƙasar waje aka sayo masa kyamara. Fili guda fa, a kan kyamara. Umma, wato mahaifiyarmu, ta yi fushin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ta daɗe tana ajiye masa abinci ba ta ce masa ci kanka. Ko bayan ta huce, ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba. In ta leƙa shagon ta ga yana goge ta, sai ta ce, "Sannu da shara, Alhaji. Ana ta gyaran filin ne?"

Masu sana'ar suna ce wa irin wannan kyamara midiyam fomat. Ba irin wadda ake ratayawa a wuya a shiga gidan biki ba ce. Ƙatuwa ce, ga nauyi, sai an ɗora ta a kan ƙafafu uku an haɗa ta da kwamfuta da waya. Abin da ke kama hoton a bayanta ya fi na sauran kyamarori faɗi nesa ba kusa ba. Shi ya sa in ta ɗauki mutum, ana iya buga hoton ya kai tsayin ƙofa, amma kana ganin kowane zare na aikin wuyan babbar rigarsa. Masu tallan atamfa da masu jakunkunan fata da 'yan takara duk wurin Baba suke zuwa. Ta yi masa aiki, wannan kam ko Umma ba ta musu ba.

Baba yana da wani amini da muke kira Baban Tarauni, saboda a can yake zaune. Mutumin Kudancin Kaduna ne, Kirista, ya yi aikin ɗaukar hoto a wata ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya. Tun zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu suke tare da Baba. In Sallah ta zo a gidanmu yake wuni, in Kirsimeti ta zo kuwa Baba ne ke zuwa ya yanka musu kaji, don kawai mu ma mu samu mu ci. Allah ya ɗora wa wannan bawan Allah son kyamarar nan. Duk Asabar sai ya zo, ya wanke hannu kamar zai ci tuwo, sannan ya roƙi Baba ya bar shi ya ɗauki ko da hoto ɗaya. Yakan ce, "Alhaji, wata rana sai na mallaki irinta." Baba kuma ya tuntsire da dariya ya ce, "Da albashin gwamnati? Ka dai ci gaba da zuwa ranar Asabar."

Lokacin da Baba ya rasu, ni ina gida. Mijina ya riga shi rasuwa, na dawo da 'ya'ya biyu da keken ɗinki ɗaya mai yawan tsinke zare. Ba ni da wata hanya. Kuɗin makaranta, magani, sabulu, duk a kan wannan keken suke, kuma wanda ya taɓa jiran masu kawo ɗinki ya san halinsu, sai Sallah ta matso ake tuna ka. Ba zan ɓoye ba, duk da zafin rashin Baba, na san rabona a gadon nan shi ne abin da zai tsayar da ni da yaran, ko ya bar mu muna jiran hannun wani. Mu biyu Baba ya bari, ni da Yaya. Yaya dillalin motoci ne, mutum mai zuciya a kusa amma mai saurin sauka, kuma ban taɓa kama shi da cin haƙƙin kowa ba.

Bayan Umma ta fita takaba aka sa ranar rabo. Abin da Baba ya bari uku ne: gida, shago, da kyamara. An kira dillalan filaye sun yi wa gida da shago kuɗi. Da aka zo kan kyamara kuwa sai kowa ya yi turus. Wa za a tambaya? Duk unguwar babu wanda ya taɓa ganin an sayar da irinta. Sai Yaya ya yi lissafi irin na sana'arsa. Ya ce motar da ya sayar shekarun baya, yau in ta dawo hannunsa da tsufanta sai ta fi kuɗinta na da, saboda dala ta tashi. Haka firji, haka janareto, haka duk wani abu da aka shigo da shi daga waje. To ina ga abin da aka sayar da fili aka saya? Ko an yi mata kuɗi da rangwame, ai ta kai shago. Babu wanda ya ga kuskure a maganar nan, ni ma ban gani ba. A Kano muka tashi, kuma a idonmu kayan waje hawa suke yi, ba mu taɓa ganin sun sauko ba.

A kan haka aka tsara rabon. Umma za ta ɗauki tumuninta a cikin gida, Yaya ya ɗauki sauran gidan da shago, ni kuma kyamara ta zama rabona. Yaya ya ce zai kai min ita Legas da kansa ya sayar, in samu jari a dunƙule, in sayi kekuna in kama wuri. Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, har yana ganin ya fifita ni. Ni kuwa na riga na gama gina shagon ɗinki a kaina, har da kalar labule.

Ranar, da hantsi, muna zaune a falo. Malamin masallacin unguwarmu ne ke rabon, ga kawunmu a gefensa, ga ni da Umma a kan tabarma ta wajen ƙofar ɗaki. An fito da kyamarar an ajiye a tsakiya a cikin akwatinta. Sai ga sallamar Baban Tarauni. Da ya ga irin zaman da ake yi sai ya ja da baya, ya ce bai san da taro ba, zai dawo wani lokaci. Umma ta ce, "Haba, shigo mana. Kai ai ɗan gida ne." Ya shigo ya raɓe a kujerar bakin ƙofa, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Malam ya bi rabon dalla-dalla. Ya tambayi Umma, ta ce ta yarda. Ya tambayi Yaya, ya ce ya yarda. Saura ni. Duk wanda ya san irin wannan zama ya san in kowa ya ce ya yarda aka shafa fatiha, magana ta ƙare. Wanda ya dawo daga baya yana cewa a sake, shi ne ya tayar da fitina a gida, kuma da wuya zumunci ya koma yadda yake. Malam ya juyo ya ce, "Ke kuma fa, kin karɓi kyamara a matsayin rabonki?" Na buɗe baki ke nan sai na ji gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, a yi min afuwa," in ji Baban Tarauni. "Na san ba ni da baki a wannan zama. Amma in na yi shiru na tafi gida, ba zan iya cin abinci ba."

Malam ya ce, "Bismillah, muna jin ka."

"Kyamarar nan a yau ba ta kai rubu'in shagon nan ba. Ko kusa."

Baban Tarauni ya ci gaba a hankali, idonsa a ƙasa. Ya ce kyamara ba mota ba ce. Tun bayan da Baba ya sayi tasa, an yi ta fito da sababbi, ƙanana, marasa nauyi, masu ɗaukar hoto ko a wuri mai duhu. Manyan masu hoto na ƙasashen waje duk sun koma kansu, sun zubo tsofaffin a kasuwa, masu sayarwa sun fi masu saye yawa. Ya ce ita wannan an daina yin kayan gyaranta, batirinta sai an sha wuya, wayarta ma ba ta shiga kwamfutocin yanzu. Dala ta tashi, gaskiya ne, amma faɗuwar da kyamarar ta yi ta fi tashin dala sauri. Shi kuwa shago a bakin titi kullum gaba yake yi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "In 'yata ta karɓi wannan a madadin shago, an bar ta da marayu hannu rabbana, kuma babu wanda ya yi niyyar cutar ta."

Na ga jijiyar goshin Yaya ta tashi. Na san wannan alamar tun muna yara. A ganinsa an ce ya shirya cin gadon ƙanwarsa, kuma an ce mahaifinsa ya sayar da fili ya sayi abin banza. Ya ce, "Baba, da girmanka da komai. Amma duk wanda ya san shagon nan ya san ka fi kowa son kyamarar nan. Yanzu mai ita ya kwanta dama, sai ka zo ka karya mata kuɗi a gaban mutane, gobe ka dawo ka taya?"

Umma ta ce, "Kai, kul. Aminin ubanka ne."

Amma magana ta riga ta fita. Ni kaina sai da zuciyata ta ɗan yi rawa, don abin da Yaya ya faɗa ba ƙarya ba ne, kowa ya san yana son ta. Ina kallon yatsun Baban Tarauni suna murza bakin hular. Sannan ya ce, "Gaskiya ka faɗa, ɗana. Ina son ta. Ban taɓa son wani abin duniya kamar yadda na so ta ba. To ga Malam, ga Hajiya, ku zama shaida. Daga yau ba zan saye ta ba, ba zan karɓe ta kyauta ba, hannuna ba zai sake taɓa ta ba. Yanzu ba ni da abin da zan samu. Sai ku je ku tambaya."

Ya juya wajen Umma ya ce kada ta ɗauka Alhaji ya yi asara. Kyamarar ta ciyar da gida, ta biya makaranta, ta aurar da 'ya'ya, kuma har gobe in aka kunna mata fitila za ta ɗauki hoton da zai ba mutum mamaki. Kuɗinta ne ya faɗi, aikinta yana nan. Ya ƙara da cewa, "Shi ma ya sani, Hajiya. Mun yi maganar da shi tun yana da lafiya. Cewa ya yi in rufa masa asiri, kada ki ji ki tuna masa filinki." Sai Umma ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ma ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, don kamar muryar Baba na ji a falon.

Malam ya rufe zaman ba tare da an shafa fatiha ba. Ya ce gado ba a raba shi a kan zato, a je a bincika a dawo. Baban Tarauni ya sa hularsa, ya yi sallama, ya fita. Babu wanda ya raka shi ko zaure, abin da bai taɓa faruwa ba a gidanmu.

Yaya ya ɗauki akwatin da kansa, da niyyar ya kunyata dattijon. Ya zaga wurin masu sayar da kayan hoto a Sabon Gari. Wasu suka taru suna kallo suna yaba ta, amma ba wanda ya taya. Wani ma cewa ya yi in an ba shi kyauta bai san wa zai sayar wa ba. Ya kira mutanensa na Legas, suka duba masa yadda ake sayar da irinta a waje. Abin da aka ambata masa ba zai sayi tsohuwar adaidaita sahu ba. Ina tsakar gida ina wanki ya shigo, ya dire akwatin a hankali, ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Can ya ce, "Da kin ce kin yarda fa?" Ni ma abin da ke raina ke nan.

Yaya ne ya ce in shirya mu je Tarauni. Muka tarar da dattijon a ƙofar gidansa yana gyaran rediyo. Yayana, ƙaton mutum mai iyali, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙasa ya ce, "Baba, na yi maka rashin kunya. Ka yafe min." Shi kuwa ya kama kafaɗarsa ya ce, "Tashi, tashi, kada maƙwabta su ce na ci bashin mota. Ubanka ka kare, ban ga laifinka ba."

Ni na shige ciki wurin matarsa, wadda muke kira Mama. Tana tsince shinkafa, ta jawo min kujera, ta rage murya. Ta ce, "Kin san abin da ya kai shi gidanku ran nan?" Na ce a'a. Ashe tun da ya gane kuɗin irin kyamarar ya sauko har inda ɗan fansho zai iya miƙa hannu, ya shiga adashi. Ranar da ya zo mana, kwasarsa ce ta zagayo. Ya fito da niyyar ya roƙi Umma ta sayar masa da ta amininsa, ya ajiye abin tunawa, ya kuma cika burin da ya daɗe yana yi. Yana zaune a bakin ƙofar nan ya gane cewa in ya faɗi gaskiyar kuɗinta, ba shi da bakin tayawa har abada. In kuma ya yi shiru, Legas za ta koya mana, kyamarar ta dawo ba mai saye, ya same ta a sauƙaƙe ba wanda zai zarge shi. Sai dai a lokacin an riga an shafa fatiha, shago ya tafi. Mama ta ce da ya dawo ko ruwa bai sha ba, ya shige ɗaki ya kwanta. Sai na sa hannu muka ci gaba da tsintar shinkafar.

Aka sake zama, aka yi rabo a kan gaskiya. Da aka lissafa, rabona bai cika kuɗin shagon ba. Yaya ya ce abin da ya ɗoru ya yafe min duniya da lahira, kyamarar ma in haɗa da ita. Haka na tashi da shago a bakin titi, ni da na kusa tashi da akwati.

Asabar ta farko bayan haka na aika aka kira min Baban Tarauni. Na ajiye akwatin a gabansa na ce, "Baba, yanzu tawa ce, ba mai tuhumar ka. Na ba ka, don Allah ka karɓa." Ya dube ta, kallon da har yau nake gani. Sannan ya mayar da hannuwansa baya ya harɗe su. Ya ce, "'Yata, in na karɓa, maganar da na yi ran nan ta zama ciniki. Bar min ita a matsayin gaskiya." Na yi magiya, Umma ta sa baki, Yaya ma ya zo ya roƙa. Ko gezau.

Sai ya ce tun da ga shago ga kyamara ga fitilu, ga tsohuwar kwamfutar Baba da ke jituwa da ita, me zai hana in koya? Ya ce akwai matan da ba za su taɓa sakin fuska a gaban namiji mai hoto ba, amare da iyayensu, amma za su saki a gabana. Na ce ni da ko hoton waya sai na yanke wa mutane kai? Ya ce, "Ubanki ma da yanke kai ya fara."

Haka ya koya min, hannuwansa a baya. Duk Asabar zai zo ya tsaya a gefena yana cewa, murɗa hagu, ya isa, matso da fitilar, jira ta gama numfashi kafin ki danna. Wani lokaci in rikice in kasa ɗaura gilashin gaba, haushi ya kama ni in ce, "Baba, don girman Allah karɓi ka nuna min sau ɗaya, ba wanda zai gani." Sai ya ce, "Ni zan gani." Ranar da abin ya fi ba ni tausayi, ƙafa ɗaya ta zame kyamarar ta karkata za ta faɗi. Na ga jikinsa ya zabura, amma hannun bai fito ba. Kafaɗarsa ya kara ya tare ta har na riƙe.

Yau da wannan shagon nake riƙe da gidana. Keken ɗinki yana gefe guda, kyamara tana ɗaya gefen, kuma ita ta fi kawo abinci. Yarana suna makaranta, ban taɓa zuwa ƙofar wani neman kuɗin jarrabawa ba. Amare suna zuwa da lefensu daga Babban Giji har Unguwa Uku, in suka ga hoton sun ga kowane dutse na leshinsu sai su ce wace irin sabuwar kyamara ce wannan. Nakan ce musu tsohuwa ce, ta girmi wasunsu ma. Baban Tarauni ya tsufa sosai yanzu, gwiwa ta hana shi zuwa kowace Asabar, amma in ya samu ya zo, yana shigowa shagon hannuwansa suke komawa baya da kansu.

Abin da na koya shi ne, faɗin gaskiya ba wuya in ba abin da za ta ci maka. Kowa yana iya wannan, har da ni. Amma akwai gaskiyar da sai ka ajiye abin da ka fi so kafin a yarda da ita, kuma masu iya biyan wannan kuɗin ba su da yawa. Ni na ga ɗaya da idona. Ya zo gidanmu da burinsa a aljihu, ya fita ba shi da shi, don 'ya'yan wani su ci abinci. Allah ya saka masa da alheri, ya ji ƙan Baba, mu kuma ya ba mu ikon buɗe baki a ranar da shiru ya fi mana riba.